Ana karatun lafiyar 'yan rawa a jami'a kuwa? Amsa ga wani matashi a Sakkwato

Tambayar ta fito ne daga wani matashi a nan Sakkwato wanda ya kammala sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma ya shekara huɗu a cikin wata ƙungiyar rawar gargajiya. Ga abin da ya ce: "Malam, na ji an ce a ƙasashen waje akwai jami'o'in da ake karanta lafiyar 'yan rawa. Shin gaskiya ne? Me ake koyarwa, kuma ta ina ɗan Sakkwato zai bi? Abokina ya gurɗe a gwiwa wajen atisaye, yau wata uku ke nan bai koma daidai ba, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Baba kuma ya ce bai taɓa jin wanda ya yi digiri a kan rawa ya ci abinci da shi ba."

Ƙanena, abin da ka ji gaskiya ne, kuma maganar Baba ba abar yarwa ba ce. Ni aikina gashin ƙashi, wato fisiyoterafi, kuma 'yan kokawa da 'yan dambe da 'yan ƙwallo da 'yan rawa sun sha biyowa ta hannuna, saboda haka daga ɗakin gashi nake yi maka magana, ba daga dandali ba.

Fannin ba tsoho ba ne. Turawa sun daɗe da likitocin 'yan wasanni kafin su farga cewa abin da ɗan rawa yake ɗora wa jikinsa bai gaza na ɗan tsere ko ɗan ƙwallo ba. A 1989 aka buɗe cibiyar Harkness a birnin New York na Amurka, wadda ba ta da wani aiki sai kula da raunukan 'yan rawa. A 1990 aka kafa ƙungiyar duniya ta likitoci da masana kimiyyar rawa, wadda aka fi sani da IADMS, kuma tun 1997 take da mujallar bincike. A 2001 makarantar Laban da ke Landan, wadda yanzu ake kira Trinity Laban, ta fara bayar da digiri na biyu a kimiyyar rawa, ita ce kuma ta fara yin haka a duniya. Daga baya jami'o'i irin su Wolverhampton da Chichester suka bi sahu, sannan a 2012 aka kafa cibiyar ƙasa ta wannan fanni a Birtaniya, har da asibitin da ɗan rawa zai ga ƙwararre a ƙarƙashin tsarin lafiya na gwamnati. Abin da ya zaburar da su shi ne yawan rauni. Wani bincike da ƙungiyar Dance UK ta fitar a 2005 ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na 'yan rawan da aka tambaya sun ji rauni aƙalla sau ɗaya a cikin shekara guda, kuma da aka tambaye su dalili, gajiya da yawan aiki suka fi ambata.

Abu na farko da zai ba ka mamaki idan ka shiga irin wannan aji shi ne ba rawa ake koyarwa ba. Ana koyar da ginin jikin ɗan Adam, ƙashi da tsoka da jijiya da gaɓa. Ana koyar da yadda zuciya da huhu suke ɗaukar aiki mai tsanani. Ana koyar da lissafin motsi, wato irin nauyin da ke sauka a kan gaɓa idan mutum ya yi tsalle ko ya juya. Sai abinci, da halayyar ɗan Adam, da dabarun bincike da ƙididdiga. Wanda yake gudun lissafi da kimiyya ya fake da wannan fanni, to ya gudu bai tsira ba.

Bari in tsaya a kan tsalle, domin babban ɓangare na karatun yana cikinsa. Tashi sama ba shi ne matsala ba, dirowa ita ce. Idan mutum ya diro daga tsalle, nauyin da ƙasa take mayar wa ƙafarsa yakan kai ninki uku na nauyin jikinsa ko ya wuce, kuma jiki yana da hanyar shanye shi: yatsu su fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo baya, idon sawu da gwiwa da ƙugu su lanƙwasa tare, tsokar cinya da ta ɗuwawu su riƙe gwiwa kada ta karkata ciki. Muddin tsoka tana da ƙarfi, ita ce take ɗaukar dukan. Da zarar ta gaji, sai dukan ya wuce kai tsaye zuwa ga jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa da kuma ƙashi, waɗanda ba a halicce su don wannan aiki ba. Shi ya sa za ka lura raunin yakan zo ne a ƙarshen atisaye, ko a daren ƙarshe na biki, lokacin da shugaban ƙungiya ya ce a ƙara sau ɗaya kawai a tashi. Masu bincike sun kuma gano wani abu da 'yan rawa ba sa son ji: atisayen rawa shi kaɗai bai isa ya gina numfashin da wasa a gaban jama'a yake bukata ba, domin a wajen atisaye ana yi ana tsayawa ana gyara, a dandali kuwa makaɗi ba ya jiran kowa. Don haka ake ware wa ɗan rawa lokacin gudu da ɗaga nauyi daban.

Mafi yawan raunukan a ƙasan jiki suke, idon sawu da tafin ƙafa da ƙwauri da gwiwa da ƙugu, sai gadon baya. Targaɗen idon sawu shi ne kan gaba a cikin waɗanda suke faruwa farat ɗaya. Amma waɗanda suka fi yawa su ne masu zuwa a hankali, waɗanda mutum ba zai iya nuna ranar da suka fara ba. Wani yaro ya taɓa zuwa wurina da ɗingishi, ya ce ƙaya ce ta soke shi ba ta fita ba. Na duba tafin ƙafar ban ga komai ba, sai na juya ta na bi dogayen ƙasusuwan bayan ƙafa da babban yatsana ɗaya bayan ɗaya, ina isa na biyu ya janye ƙafar yana salati. Wurin bai fi faɗin kwabo ba. Tsagewar ƙashi ce irin ta yawan duka, wadda take faruwa idan ana buga ƙashi kullum ba a ba shi hutun da zai gyara kansa ba, kuma sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna ta a makonni biyu ko uku na farko. Da na bincika, ashe ƙungiyarsu ta bar filin yashi da take atisaye ta koma wani ɗaki mai daɓen siminti saboda shirin wata gasa, aka kuma ninka kwanakin atisaye a mako. Ba ƙaya ba ce, siminti ne.

Akwai kuma batun laushin jiki, wanda ya shafi masu irin rawar koroso da ake naɗe jiki ana lanƙwasa shi. Jama'a suna tafa wa yaron da zai iya ɗora ƙafa a wuya, amma mai ilimin fannin yakan raba laushin da aka samu ta horo da wanda aka haifi mutum da shi. Akwai gwaji mai maki tara da ake kira ma'aunin Beighton: a ga ko babban yatsan hannu zai lanƙwaso ya taɓa damtsen gaba, ko ɗan ƙaramin yatsa zai koma baya fiye da kima, ko gwiwar hannu da ta ƙafa suna zarcewa baya, ko mutum zai dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. Wanda ya sami maki da yawa gaɓoɓinsa sakwa-sakwa suke, kuma abin da yake bukata shi ne ƙarfin tsoka da zai riƙe su, ba ƙarin miƙa ba, alhali shi ne kullum ake sawa a gaba ana ƙara lanƙwasa shi. Sai batun abinci, musamman ga 'yan mata. A 2014 kwamitin wasannin Olimfik na duniya ya fito da bayani a kan halin da jiki yake shiga idan abin da ake ci bai kai abin da ake ƙonawa ba: al'ada ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, rashin lafiya ya yawaita. A Turai tsoron ƙiba ne yake jawo wannan a tsakanin 'yan rawar bale, wato rawar Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa. A wurinmu sau da yawa rashi ne kawai, yarinya ta yi awa uku tana tsalle da kokon safe a cikinta, amma sakamakon a ƙashi iri ɗaya ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe. Kusan duk wannan ilimi an gina shi ne a kan jikin 'yan rawar bale da rawar zamani ta Turai da Amurka, mutanen da suke aiki a ƙasashe masu sanyi, a ɗakuna masu daɓen katako da aka ɗora a kan abin da yake lotsawa ya dawo don ya rage duka. Ƙashi da tsoka iri ɗaya ne a ko'ina, amma idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Ɗan takai da yake juyi yana haɗa sanda da na kusa da shi, da ɗan hoto da yake cilla garma sama ya tare ta, da 'yan matan da suke faɗawa baya a gaɗa ƙawaye su tallabe su, kowannensu da inda jikinsa yake ɗaukar nauyi, kuma ba su ne aka zana a littattafan da za a ba ka ba. Wanda ya je Landan ya haddace raunukan takalmin bale ya dawo Sakkwato da su kaɗai, ya yi karatu, amma ba zai amfani yaran ƙungiyarku da komai ba sai ya sake zama ya kalli ƙafafunsu.

Ɗauki zafi. A watan Afrilu Sakkwato takan wuce digiri 40 a ma'aunin zafi, kuma mai aiki tuƙuru a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta gumi a awa guda. Abin da aka sani shi ne idan mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da natsuwarsa sukan fara raguwa. Ga mai nauyin kilo 60, wannan bai fi kilo ɗaya da ɗan ɗori ba. Gwajin mai sauƙi ne, kuma kana iya yin sa gobe: ka ari sikeli, ka auna kowa kafin atisaye da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Na taɓa yin haka da wata ƙungiya, shugabansu yana tsaye yana dariya yana cewa mun mai da yara buhunan gero, har sai da ya ga abin da allurar sikelin ta nuna a kan babban ɗan rawansa, wanda dama shi ne ya fi kukan ɗaurewar tsoka da jiri. Tun daga ranar ya mai da atisaye bayan la'asar sakaliya, ya kuma ajiye randa a bakin fili. Idan kuwa ka ga wanda ya faɗi a rana yana sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba gajiya ba ce kuma ba iska ba ce. A kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a nufi asibiti da shi. A watan azumi hankali ya nuna a mai da aiki mai nauyi bayan an sha ruwa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce take tayar wa masu asma, sannan tsoka mai sanyi ta fi saurin yagewa, don haka ɗumama jiki na minti goma zuwa sha biyar kafin a fara ba ɓata lokaci ba ne.

Ga kuma sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, kuma ba dalili ba ne na hana kowa rawa ko wasa, amma an tabbatar cewa aiki mai tsanani a cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da wasu daga cikinsu, tsoka ta narke ta taɓa ƙoda. Alamarta fitsari ya koma kalar shayi bayan atisaye. Mai kula da ƙungiya a ƙasar Hausa ya kamata ya san rukunin jinin yaransa, ya kuma san cewa wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar shekaranjiya bai isa shiga fili yau ba ko da ya ce ya warke.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙwaya. Ciwo saƙo ne da jiki yake aikowa, ɗan rawa kuma yana da biki gobe kuma an riga an karɓi kuɗin mutane, sai ya nufi kemis. Magungunan kashe ciwo irin su dikulofinak da ibufurofin, idan aka sha su a kan ƙishirwa aka shiga rana, suna wahalar da ƙoda, suna kuma cin ciki. Tiramadol, wanda samari suke kira tiramol, ya fi muni, domin yana sa mutum ya yi ta taka ƙafar da ta tsage bai ji ba, ga shi yana zama jaraba, ga farfaɗiya idan aka yawaita. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma yaron da abincinsa yake ƙafarsa ba zai ji wannan karin magana ba sai an samar masa abin da zai yi a makonnin jinya, ko da riƙe kalangu ne ko koyar da ƙanana. Wannan ɓangare na tunani da rayuwa yana cikin karatun, kuma a ganina shi ne ya fi wuya. Game da masu ɗori kuwa, ba na cikin masu zaginsu, domin mutanenmu su suka fara sani kuma su ne a kusa. Inda nake rabuwa da su shi ne ɗauri mai tsanani da yake hana jini gudu, da murza gaɓar da jijiya ce ta tsinke a cikinta. Ƙa'idar da muke bi a targaɗen idon sawu ita ce, idan mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ana taɓa ƙashin idon sawun kansa yana zabura, sai an ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa.

Yanzu ga hanya, kuma a nan maganar Baba take shigowa. Digiri na biyu a kimiyyar rawa ba ya ba mutum lasisin duba marar lafiya, ko a Ingila. Masu yin sa ko dai dama likitoci ne ko masu gashi da suke neman ƙwarewa, ko kuma malaman rawa da masu bincike. A ƙasarmu kuwa ƙungiyoyin rawa, na jihohi da masu zaman kansu, ba su saba ware albashi don mai kula da lafiya ba. Saboda haka shawarata, tunda kimiyya ka yi, ka nemi fisiyoterafi a matakin digiri na farko. Ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Ibadan wadda ita ta fara shi a ƙasar nan. A jarrabawar JAMB Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji za ka rubuta, kuma makin da ake nema yana da yawa. Karatun shekara biyar ne a tsohon tsari, shida a sabon tsarin da ake komawa, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista da hukumar MRTB mai ba da lasisi, sai hidimar ƙasa. Da wannan takarda za ka yi aiki da mai shanyewar ɓarin jiki da wanda ya yi haɗarin babur da tsoho mai ciwon gwiwa, ka ci abincinka, 'yan rawa da 'yan kokawa kuma su zama fagen da ka ƙware a kai. Idan makinka bai kai ba, sashen ilimin motsa jiki da lafiya, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko na Bayero, hanya ce mai kyau zuwa horarwa da rigakafin rauni da bincike, sai dai ba za ka yi jinya da shi ba. Sassan wasan kwaikwayo na Zariya da Jos da Ilori suna koyar da rawa a matsayin fasaha, amma ba su ne ƙofar wannan fanni ba ga mai son ɓangaren lafiya. Digiri na biyu a waje yana iya biyowa baya. A Birtaniya yawanci shekara ɗaya ne, kuma tallafin karatu irin na Chevening yana neman mutum ya yi aiki na shekara biyu kafin ya nema, wanda ya yi daidai da wannan tsari.

Kada kuma ka bar ƙungiyarku, domin kana da abin da abokan karatunka ba za su samu ba. Ka sayi littafin rubutu mai kauri tun yanzu. Duk wanda ya ji rauni ka rubuta ranar, da wurin da ya ji a jiki, da irin rawar, da irin daɓen, yashi ne ko siminti ko tayil, da lokacin, da kwanakin da ya yi bai koma fili ba, ba tare da ka sa sunansa ba. Shekara biyar na irin wannan rubutu ya ishe ka aikin binciken kammala digiri, kuma shi ne abin da zai sa malamin wata jami'a a waje ya karanta takardarka har ƙarshe. Idan za ka yi wa Baba bayani, ka yi shi cikin ladabi kuma da gaskiya: karatun asibiti za ka yi, na gashin ƙashi, irin wanda ake yi wa dattawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Batun hukuncin rawa na malamai ne, amma gyaran ƙafar da ta karye ba a tambayar wajen me ta karye.

Shi kuwa abokinka, wata uku ya yi yawa ga gurɗewa ta yau da kullum. Ka tambaye shi ko ya ji ƙara kamar an tsinka igiya a lokacin da abin ya faru, ko gwiwar ta kumbura a cikin awa ɗaya ko biyu, ko tana zille masa idan ya juya da sauri ko yana saukowa daga matakala, ko kuma takan sarƙe ta ƙi miƙewa sai ya girgiza ta. Ukun farko suna nuna tsinkewar jijiyar da ta gitta tsakiyar gwiwa, na ƙarshe kuma yagewar guringuntsin da yake tsakanin ƙasusuwan biyu, kuma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Sai gwajin hannu na ƙwararre, wani lokaci da hoton MRI. Ka ari tef ɗin tela ka auna kaurin cinyoyinsa biyu a wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu sama da ƙoƙon gwiwa. Idan mai ciwon ta fi sirancewa, tsokar ta fara zubewa, kuma kowane mako da aka ƙara yana ƙara tsawon jinyar. Ya daina tsalle da juyi, kada a sake murza masa ita, ku je sashen ƙashi ko na gashi a asibitin koyarwa ko asibitin ƙashi na Wamakko a cikin makon nan. Ba kowace tsinkewa ce take bukatar tiyata ba, amma idan an yi, komawa fili yakan ɗauki kimanin wata tara, don haka gara shugaban ƙungiyarku ya ji wannan tun yanzu ya nemi wanda zai tsaya a gurbinsa a bukukuwan bana.